Idon da Aka Kafa wa Inna a Tsakar Gida

Shekarar da jikar da ke kwana da Inna ta yi aure ta tare a Bakori, ita ce shekarar da Yaya ya fara kirana da sassafe yana tambaya ko na ji muryarta. Ni ce auta, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Funtua. Shi kuma ɗan fari ne, yana aiki a Abuja. Inna tana ƙauyenmu, can gefen hanyar Malumfashi, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar ta. Ta tsufa, tana da hawan jini, gwiwarta ta dama tana riƙewa in gari ya yi sanyi. An yi juyin duniya ta koma wurin ɗayanmu, ta ce ita ba buhun masara ba ce da za a ɗauka a jibge a inda aka ga dama.

Amma ba ita kaɗai take wuni ba. Akwai wata 'yar ƙofa a jikin katangar da ta raba gidanmu da na Gwaggo, ƙawar Inna tun suna amare. Ta nan surukan Gwaggo suke shigowa ba sai sun fita titi ba, domin duk matan kulle ne. Rijiyar gidanmu ba ta ƙafewa, ga inuwar darbejiya, ga shi babu namiji a gidan. Saboda haka nan suke wanki, nan suke daka, nan suke tsifa da kitso. In zafi ya yi, daga su sai ɗaurin ƙirji, kai ba kallabi, wata tana shayar da jariri wata tana ɓarar gyaɗa. Inna tana zaune a tabarma tana yi musu faɗan sun zubar mata da ruwa. In ta yi tari sau biyu, kafin na uku wata ta miƙo mata moɗa.

Yaya bai san wannan ba, ko kuma ya sani da ka kawai. Duk ranar da ya zo, matan ba sa shigowa, sai ya tarar da tsohuwa ita kaɗai a tsakar gida mai faɗi, tausayi ya kama shi. Ga hanya ta lalace, ba kowace yamma ake bin ta da kwanciyar hankali ba, ziyararmu ta ragu. Ban ga laifinsa da ya ji tsoro ba. Ni ma ina ji.

Wata Asabar da damina ya iso da mota cike da kwalaye da wani mai haɗa sola. Suka wuni a kan rufi. Aka sa fitilun da suke kunna kansu in mutum ya gifta. Aka ajiye wani akwatin magani mai ɗaki-ɗaki, wanda in lokaci ya wuce ba a buɗe shi ba zai aiko mana saƙo a waya. Aka rataye wata 'yar lasifika a ƙofar ɗaki, aka sa ni na yi magana a ciki: “Inna, lokacin magani ya yi.” Aka ba ta wani madanni mai igiya ta rataya a wuya, in wani abu ya same ta ta danna. Na ƙarshe shi ne kyamara, fara, mai zagayayyen kai, wadda suka kafa can sama a ƙarƙashin bakin rufi, inda hannun dogon namiji ma ba ya kaiwa. Mai solar ya ce in ta yi ƙasa awaki da yara za su taɓa ta.

Da aka kunna ta, Inna ta tashi za ta ɗauko buta. Sai kan abin ya juya a hankali, yana wata 'yar ƙara, ya bi ta. Ta tsaya, ya tsaya. Ta koma, ya komo.

Ba ta yi wa Yaya magana ba. Ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye a gaban mutane ba, tunda ɗan fari ne. Ba ta kama sunansa, ba ta cin abinci yana kallo, ba ta haɗa ido da shi. Ni ta jawo gefe.

“Ke, wanga abu wa yake gani da shi?”

“Ni da Yaya, Inna. A waya.”

“Har da wancan?”

“Har da shi. Ai shi ya saya.”

Ta gyara mayafinta ta ce Allah ya yi masa albarka. Madannin kuwa, kafin mu bar gidan ta naɗe shi cikin sabon ƙyalle ta sa a kwalla tare da turamen zannuwan da ba ta taɓa ɗinkawa ba. Na yi faɗa, ta ce abu mai tsada ba a yawo da shi bakin rijiya. Na ciro na rataya mata, ina juya baya ta mayar.

Ba zan yi ƙarya ba, da farko na ji daɗin abin. In an fita tara a makaranta, sai in buɗe waya in ga tsakar gidanmu, da darbejiya, da kaji, da Inna tana tsince shinkafa. Lasifikar tana yin magana da muryata, sai in ga bakin Inna ya motsa tana amsawa, “To, na ji.” Har malaman da muke aiki tare nake nuna wa. Amma na lura ta daina cin abinci a waje. Sai ta ɗauki kwanonta ta shige ɗaki, cikin zafi, ta saki labule. Ta daina kishingiɗa a tabarma. Kullum a zaune take, ƙafa a tanƙwashe, mayafi a kafaɗa, kamar wadda ta je gaisuwa gidan mutane.

Matan maƙwabta ba su fahimci abin ba sai ranar da Yaya ya gaishe su. Yana ofis ya buɗe waya, ya ga mata suna wanki a gidan uwarsa, ya ga ai ya kamata ya nuna godiya. Ya danna wurin magana, muryarsa ta fito daga bakin rufi, garau: “Sannunku da aiki!” Ina kallo a tawa wayar a lokacin. Wadda ke jan ruwa ta saki guga da igiyar gaba ɗaya suka tafi rijiya. Mai shayarwa ta dafe ƙirji ta sunkuya a kan jaririnta. Suka yi ta turereniya a 'yar ƙofar nan, wata ta bar takalmi, wata ta bar kwanon wanki. Kan kyamarar yana ta juyawa yana bin su ɗaya bayan ɗaya, har ta ƙarshe ta ɓace.

Da yamma mazajensu suka ji labari. Ba wanda ya zo ya yi wa Inna rashin kunya, suna ganin girmanta. Sai dai washegari aka jingina tsohon kwanon rufi a ƙofar daga can ɓangarensu, aka tokare shi da dutse.

Daga nan tsakar gidan ta mutu. In na buɗe waya, ba abin da ke motsi sai inuwar bishiya da kaza. Inna tana zaune a wuri ɗaya, tana fuskantar katanga. Wani lokaci in na daɗe ina kallo ban ga ta motsa ba, sai in kira ta, in ga ta lalubo waya a ƙarƙashin cinya. “Lafiya lau nake,” in ji ta. “Ba kina ganina ba?” Ita take jan ruwanta yanzu, rabin guga rabin guga, tana hutawa a tsakani.

Na kira Yaya na wanke shi tas, girman da nake ba shi duk na ajiye a gefe. Na ce ya kori mutanen da ke miƙa mata ruwa ya kawo mata abin da ko moɗa ba ya iya ɗauka. Na ce gidan da aka rubuta ba a shiga a zaurensa, shi ya shiga ta rufi ya zauna. Da na gama, ya ce, “Ke kina kusa, ni ina nesa. In ta faɗi ba kowa, wa zai sani?” Abin da ya yarda da shi kawai shi ne a kashe sauti gaba ɗaya, kyamarar ta riƙa gani amma ba ta ji, ba ta magana. Cirewa kam ya ce sai dai bayan ransa.

Inna ce ta samo mafita da kanta, ita da Gwaggo, ta saman katanga. Wata safiya ina kallo sai na ga fuskarta tana tasowa tana cika allon wayar, kusa ƙwarai, har ina ganin zanen kumatunta da jijiyar wuyanta ta tashi. Hannunta ya ɗago da wani ɗan kwando, sai duhu. Ba baƙin duhu ba, ruwan ƙasa, da ɗigo-ɗigon haske ta ramukan saƙa. Bayan an jima na kira ta, sai na ji hayaniyar mata da ƙarar taɓarya a bayanta.

“Na kifa masa kwando,” ta ce, tana dariyar da na kwana biyu ban ji ba. “In na rufe shi, sai in ɗaga murya in ce na rufe, su kau da kwanon su shigo. In za su tafi in buɗe masa ya yi kallonsa.”

Na yi murna har na kusa kuka. Yaya ya yi ɗan gunaguni, daga baya shi ma ya saba. Muka koyi karanta abin: in allo ya nuna tsakar gida, Inna ita kaɗai ce, sai a riƙa leƙawa. In ya yi duhun kwando, tana cikin mutane, hankali ya kwanta. Har saƙo muke yi wa juna, “Yau akwai taro a gida.”

Sai da na je wani ƙarshen mako na ga yadda take kaiwa can sama. Tsohon turminmu ne a kife a gindin bango, daidai ƙarƙashin kyamarar. Bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya, in ka taka sai ya yi gyangyaɗi. A gabana ta dafa bango, ta ɗora ƙafar hagu, ta ja ta dama mai ciwon da ƙyar, ta miƙe a kai tana lilo, hannu ɗaya a sama. Sai da ta sauko na yi magana.

“Inna! Kashe kanki za ki yi?”

“Ke tafi can. Tun ba a haife ki ba nake hawa rumbu.”

Na ce wata daga cikin matan ta riƙa rufewa. Ta dube ni kamar na yi wauta. Ta yaya za a yi matar wani ta shigo ta tsaya gaban idon, ta kai fuskarta bakinsa, alhali saboda shi ne ba ta shigowa? Na samo doguwar gora na ɗaura mata ƙugiya, na nuna mata yadda za ta saƙala kwandon tana tsaye a ƙasa. Na mirgina turmin na kai shi bayan ɗaki. Ta yi ta godiya. Bayan 'yan kwanaki na sake ganin fuskarta ta taso ta cika allo, ashe ta dawo da turmin wurinsa. Gorar, in ji ta, tana sa kwandon ya zauna a karkace, kuma ita ba za ta ce wa 'ya'yan mutane ta rufe ba alhali gefe ɗaya a buɗe yake. Daga ranar, duk sanda na ga fuskar nan tana tasowa sai in yi ta addu'a. Amma ba kullum nake kallo a daidai lokacin ba.

Ranar da abin ya faru kaka ce, ana ta karyar masara. Maza duk suna gona, ƙauye ya zama na mata da tsofaffi. Da aka fita tara na buɗe waya na ga duhun kwando, na ce alhamdulillahi, yau da wuri aka fara. Yaya ya turo saƙo: “Inna ta yi baƙi tun da safe.” Na mayar masa da alamar dariya na koma aji.

Da azahar har yanzu duhu. Na ce ai lokacin ɓarar masara ne, wuni za su yi. Na kira, waya ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Wannan ma ba sabon abu ba ne, in hira ta yi daɗi mantawa take da ita a ɗaki. Na koma gida na ɗora tukunya. Amma na kasa zama. Na riƙa buɗe wayar ina kallon ɗigo-ɗigon hasken nan, sun tashi daga gefe ɗaya na allo sun koma ɗaya gefen. Ba inuwar da ta gifta su. Sai a lokacin na tuna cewa in mata suna kai-kawo a tsakar gida, hasken yakan ɗan yi ƙyaftawa.

Ana kiran la'asar saƙo ya shigo: ba a buɗe akwatin magani ba, na safe da na rana. Na duba da kyau, ashe na safen ya daɗe da zuwa, yana ƙarƙashin wasu saƙonni ban gan shi ba, Yaya ma bai lura da nasa ba. Inna takan yi gardama a kan komai, amma ba ta taɓa tsallake magani ba.

Na kira babban ɗan Gwaggo, yana gona, sabis yana yankewa. Da ƙyar ya ji ni. Na bar tukunya a wuta na ce wa maƙwabciyata ta sauke, na fita da takalmin wanka. Motar da na samu sai tsayawa take tana ɗaukar buhuna, direba yana ta duban rana yana cewa shi fa in magariba ta kawo kai ba zai wuce ba. Muna hanya ɗan Gwaggo ya kira. Bai yi sallama ba. “Ki wuce Malumfashi kai tsaye,” ya ce. “Asibiti. Tana da rai.”

Daga baya na haɗa yadda aka yi. Ta hau turmi da hantsi, ta kifa kwandon ya zauna daidai, wajen saukowa turmin ya goce. Ta faɗi ta gefen dama, ƙashin ƙugunta ya karye. Ba ta kai ga cewa na rufe ba. Matan suna can bayan katanga da kwandunan masararsu suna jiran muryarta, da ba su ji ba suka ce yau ba ta son hayaniya, suka yi aikinsu a gida. Ta yi kira, amma muryar ba ta da ƙarfi, ga daka ana yi a can. Inuwa ta janye ta bar ta a rana, daga baya ta sake dawowa kanta.

Gwaggo ta same ni a barandar asibiti, ta riƙe hannuna da hannayenta biyu.

“'Yar nan, wallahi na ji faɗuwar abu. Na ji. Har na miƙe. Sai na ce ai ɗiyanta suna kallonta dare da rana, in wani abu ne da tuni sun kira. Na koma na zauna.”

Su suna zaune sun bar mana ita, mu muna zaune mun bar musu ita.

Da Inna ta farfaɗo sosai, leɓɓanta duk sun tsage, ta kalle ni ta ce, “Kin yi magana sau biyu, kin ce lokacin magani ya yi. Na ce miki zo ki ɗaga ni. Na ce ga ni nan bayanki kaɗan.” Ta san na'ura ce, ta sani sarai. Amma ta ce da rana ta yi zafi sai ta daina rarrabewa. Na fita waje na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifinmu, kuma rabinsa na haushi ne, ban ma san wa nake jin haushi ba.

Yaya ya iso washegari, idanunsa jawur. Ya durƙusa a bakin gado, ta juya fuska bango kamar yadda ta saba, ta amsa gaisuwarsa ta bakina. Likitoci suka ce sai an yi aiki, kuma ko an yi da wuya ta sake taka ƙafar kamar da. A nan maganar komawa ƙauye ta ƙare. Ba wanda ya tambaye ta. Na ce a bar mini ita a Funtua, kusa da mutanenta, aka nuna mini ɗakunana biyu da yarana da aikina, aka nuna mini asibitin da ke kusa da gidansa. Ban ci gardamar ba.

Yanzu tana Abuja, a wani ɗaki mai tayil da na'urar sanyi. Shi da matarsa suna fita aiki da safe, yara suna makaranta, akwai mai aiki da ke leƙowa ta kawo abinci ta koma kicin. Ba abin da aka rage ta da shi. Ya kafa sabuwar kyamara a cikin ɗakin, a kusurwar sama, wadda ya ce ita da kanta take gane in mutum ya faɗi ta buga ƙararrawa. Ya sa mini ita a wayata ni ma, don kada in ce an raba ni da ita.

Ina buɗewa, kusan kullum, ko da na yi rantsuwa ba zan buɗe ba. Tana zaune a gado, ƙafar a miƙe, abinci a rufe a gefenta ba ta taɓa ba. Ba ta iya tashi balle ta kai can sama, kuma ba ta roƙi kowa ya rufe mata ba. Mayafinta take jawowa tun daga ka, ta lulluɓe fuska har ƙirji, ta zauna a haka. Nakan kusanto da hoton da yatsu biyu, in zuba wa mayafin ido, in jira in ga ko yana motsi.